A Mayar wa Gaɓa da Jemarta

Kawuna yana da lambu a bakin kogin Galma, can wajen Dakace ta Zariya, kuma tun ina yaro da kunya yake ƙirga shi. Daminar bara waccan kunya shida suka tafi. An kwana ana ruwa cikin Agusta, kogi ya kawo ya cika ya batse, ya haura har gindin rake, amma bai ɗauki komai ba. Sai da ya fara janyewa bayan kwana biyu, da rana tsaka ana zaune, gaɓa ta dare ta zame cikin ruwa, da raken da ke kanta da wani ɗan mangwaro da bai fi shekara biyar ba. Yaran da ke wurin sun ce ko ƙarar kirki ba ta yi ba.

Na je jaje da la'asar. Muna tsaye a bakin ramin sai na lura ɓarnar ta tsaya cak a kan iyakar gonar maƙwabcinsa, kamar an sa wuƙa an yanka. Gaɓar ɗaya ce, ruwan ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta, a ɓangaren maƙwabcin akwai layin wata ciyawa mai duhu da ta kai ƙirjina, ta kwanta inda ruwa ya bi ta kanta, laka ta dafe ta. Na sauka ta gefen da ya rufta na leƙa. Saiwoyinta na nan a jikin yankakkiyar ƙasar, sirara, cunkus kamar gezar doki, sun nutse har sun wuce tsayina. Na kama na ja da ƙarfi, ƙasar da suka riƙe ko gezau.

Na ce, "Kawu, wannan wace ciyawa ce?"

Ya yi mini irin kallon da ake yi wa ɗan boko. Ya ce, "Jema ce mana, ɗan nan. Mu ma muna da ita tun ta marigayi. Ni na sa aka tuge ta shekarar da na sayi injin ban ruwa, don in ƙara fangali biyu."

Tun daga ranar, duk inda na ji mutanen unguwa a rediyo suna kira ga gwamnati ta zo ta yi musu ginin kankare a bakin rafi, sai jemar nan ta faɗo mini a rai. Ra'ayina shi ne, yawancin gaɓoɓin kogunan Kubanni da Galma da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu ba siminti suke jira ba. Suturar da muka tuɓe musu suke jira a mayar musu, kuma wannan aiki ne da ba sai mun jira kowa ya zo daga Kaduna ko Abuja ba.

Suturar ma ba sai an yi dogon bincike kafin a san ta ba, domin tana cikin sunayen da muke kira kullum. Masu nazarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna auna lakar da rafuka huɗu ke zubawa cikin madatsar Kubanni ta Samaru. Sunayen rafukan su ne Malmo, Tukurwa, Maigamo da Goruba. Uku daga cikin huɗun sunayen itatuwa ne. Malmo itace ne na bakin ruwa mai baƙaƙen 'ya'ya da yara ke sha. Tukurwa ita ke ba da gwangwala. Goruba kuwa ba sai an gabatar da ita ba. Bahaushe ba ya raɗa wa wuri sunan itacen da ba ya wurin, kamar yadda Rimin Tsiwa da Rimin Doko a cikin birnin Zariya ba su ci sunansu a banza ba. Ka tambayi matashi ɗan shekara ashirin a Samaru yadda ganyen malmo yake, ka ga ko zai iya nuna maka. Da itace da gawayi da faɗaɗa gona da yanka filaye, mun share kurmin bakin rafi, mun bar sunan yana yawo a takardun ɗalibai.

Kogi daga ƙasa yake fara cin gaɓa. A inda ya karya kwana, ruwan da ke bin bayan kwanar ya fi gudu, shi ke rarake gindin gaɓa a hankali ya bar samanta a rataye. Muddin kogi na cike, nauyin ruwan na tokare da ita. Da ya janye, ƙasar da ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi ga kuma babu matokara, sai ta zauna. Shi ya sa ta Kawu ba ta faɗi daren ruwan ba, sai bayan kowa ya saki jiki. Ta sama kuma akwai wata cutar. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawa a Agusta. A da gonaki da dazuzzuka ke shanye kaso mai yawa kafin ya iso rafi. Yanzu kwano da daɓen siminti da kwalta ne suka maye gurbinsu, ruwan sai ya taru ya gangaro lokaci guda, ya sami hanyar ƙafa ko hanyar shanu ya bi, ya mai da ita kwazazzabo. Kuma ƙasar da ta tafi ba ɓacewa take yi ba. Tana can kwance a cikin madatsun da muke shan ruwa daga gare su, tana rage musu ciki, tana ƙara kuɗin alif ɗin da ake tace ruwan da shi. A garin da ya sha wahalar ruwan famfo kamar Zariya, har aka je Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau aka datse Galma don a shayar da shi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ciyawa irin jema aiki biyu take yi a lokaci guda. Saiwarta ba ta yaɗuwa gefe ta shiga gonar mutum, ƙasa take nufa kai tsaye, tana iya kai mita 2 har fiye, ta ɗinke ƙasar kamar an yi mata ɗinkin buhu. Ganyenta kuma idan ruwa ya zo sai ya kwanta ya rufe gaɓar, ya rage wa ruwan gudu, lakar da ya ɗauko ta zube a bayan layin. Wato inda gaɓa tsirara ke raguwa duk shekara, mai jema ƙaruwa take yi. Ruwa ya shanye ta kwana da kwanaki ta tashi. Wuta ta cinye ta da rani, da an yi yayyafin farko ta tofo, domin zuciyarta na ƙarƙashin ƙasa. Tun shekarun 1980 Bankin Duniya ke tallata 'yar'uwarta ta ƙasar Indiya a ƙasashe da dama don wannan aikin, ana buga littattafai ana shirya taruka. Mu kuwa tamu na nan a fadama, kakanninmu na shata iyakar gona da ita, suna saƙa zana da malafa, suna yin jinka.

Ginin kankare fa? Ban ce ba shi da rana ba, zan dawo kansa. Amma duk wanda ya bi bakin rafukan garin nan da ƙafa ya ga yadda ƙarshensa ke kasancewa. Ruwa ya rarake ƙasan ginin ko ya zagaya ta bayansa, wata damina sai ka tarar da bango ya kwanta a tsakiyar rafi, ya zama shi ne ma ke karkatar da ruwa zuwa gidan wani. Ko da ya tsaya, santsinsa na ƙara wa ruwa gudu, sai na ƙasa da kai ya karɓi abin da ka ture. Daga ranar da aka gama shi yake fara tsufa, ba kuma mai gyara shi sai an sake ware kuɗi. Dalilin da ya sa aka fi son sa ba ɓoyayye ba ne, mu da muke da unguwa sukutum mai suna Kwangila. Bango ana iya ɗaukar hotonsa, a kafa allo, a yanka kirtani. Layin ciyawa ba wanda zai gayyaci 'yan jarida su zo buɗe shi.

To, in an ce a dasa, me za a dasa? Nan ma mun sha yin kuskure, har da ni. Wasu shekaru da suka wuce wata ƙungiya ta kawo dashe unguwarmu a ranar dashen itatuwa, ƙarshen Yuli. Turare ne da dogon yaro a cikin baƙaƙen ledoji. Muka kwashi wajen arba'in muka jera su a leɓen gaɓa, aka yi hoto, aka sha lemo. Mako uku tsakani ruwa ya zo ya tafi da fiye da rabi. Sauran awaki da rani suka raba. Guda biyu ne suka rayu, kuma ɗayansu, turaren, da ya girma ya yi nauyi iska ta tuge shi, ya tafi da gaɓar da aka dasa shi don ya tsare.

Ba ina zagin dogon yaro ba ne. Baƙo ne daga Indiya, an kawo shi Borno a 1928, kuma ya yi wa Arewa hidimar da ba a mantawa, inuwa da magani da tare iska. Sai dai ba ya son ƙafarsa ta daɗe cikin ruwa. Turare kuwa daga Ostireliya ya zo, mashayin ruwa ne, kuma ka duba ƙarƙashinsa da wuya ka ga ciyawar kirki, alhali ciyawar ce ke riƙe fatar ƙasa. Masu renon dashe sun fi samar da su ne saboda suna saurin girma kuma irinsu ba ya wahalar samu. Bakin kogi kuwa yana da 'yan gidansa, kuma kowanne da mazauninsa. Can ƙasa inda ruwa ke kwanciya, wurin burugu ne, wanda shanu ke so kamar me. Jikin gaɓar, daga inda ruwan rani ke tsayawa zuwa inda na damina ke kaiwa, na jema ne, layi biyu ko uku. A sama inda ƙasa ke tsanewa sai gamba, wadda ba ta son jiƙo amma ba ta tsoron fari. Itatuwa kuma sai a ja baya da su taku biyar ko shida daga leɓe. Giyayya na iya tsayawa cikin ruwa wata da watanni ba ta damu ba. Malmo da ɓaure da ɗinya da kanya duk 'yan bakin rafi ne, bagaruwa na son ƙasar fadama mai nauyi, gora kuma na yin cunkus ta riƙe wuri. Amma a cikin 'yan gida ma akwai fitinannu. Wanda ya kai tofa kusa da lambunsa ya sayo wa jikokinsa aiki. Kachala kuwa a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Babban abin da ya sa na fi amincewa da 'yan gidan nan shi ne suna biyan kuɗin hayar wurin da suka zauna. Gamba da jema ana yanka su duk shekara a yi zana, kuma har gobe zana na da kasuwa, ga masu rumfa ga masu shinge. Ɗinya ta ba ka 'ya'ya ta ba ka ɗinkin. Bagaruwa majema na saye. Tukurwa da gora ga masu gado da rufi. Manomi ba ya gadin abin da ba ya ci daga gare shi, kuma ban ga laifinsa ba. Dashen da muka yi a unguwarmu ya mutu ne saboda na kowa ne, wato ba na kowa ba. Jemar maƙwabcin Kawu ta rayu ne saboda duk Disamba yana yanka ta ya sayar.

Dashen kansa ba wani sirri a ciki. A tono tsohon gindi, a tsattsage shi 'ya'ya biyu ko uku, a datse ganyen a bar kamar taƙi guda, a jera su kusa da kusa, tazarar santimita 10 zuwa 15, a bi tsawon kogi da layin. In an bar giɓi ruwa zai same shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lokacin dasawa ne mutane suka fi kuskurewa. Bukukuwan dashe a tsakiyar damina ake yin su, wanda ya dace da tudu, amma a bakin kogi daidai yake da ka miƙa wa ruwan Agusta kyauta. A jikin gaɓa gara a dasa bayan ruwa ya janye, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran danshi. Mai lambu dama injinsa na wurin duk rani, juya tiyo sau ɗaya ko biyu a mako ba zai gagare shi ba. Kafin wata Agusta ta zagayo saiwa ta yi wata tara tana nutsewa. Jema ba kainuwa ba ce da za a ce dashen Allah, shekarar farko sai an yi mata reno.

Wahalar gaskiya ba ta ciyawa ba ce, ta mutane ce. Wa zai haƙura da kunyoyinsa na ƙarshe, waɗanda suka fi kowanne danshi da albarka? Mai fangali ashirin in ka ce ya bar biyu ka taɓa tukunyar gidansa. Kuma in shi ya bari na sama da shi bai bari ba, ruwa zai shigo ta gefen ya ci su duka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, amma a bakin Galma maganar mai unguwa da sarkin noma da dagaci ita ke aiki, su suka san iyakar kowa da wanda ya gada da wanda ya ara. Ina ganin nan ne masarautar Zazzau ke da rawar da babu ma'aikatar da za ta iya taka ta. A tara masu lambun yanki guda a yi yarjejeniya a gaban dagaci cewa taku kaza daga leɓen gaɓa ba a sa masa garma, amma wurin na mai shi ne, ciyawar da 'ya'yan itacen duk nasa ne. Da an ce gwamnati ta karɓe, to an kashe maganar.

Sai masu ɗibar yashi. Garin na ta gini, bulo ba ya yiwuwa sai da yashi, kuma samarin da ke loda tifa da shebur abincinsu suke nema. Hana su gaba ɗaya zance ne kawai. Amma wanda ya haƙe gindin gaɓa a bayan kwana ya yi wa kogi rabin aikinsa, kuma babu jemar da za ta riƙe ƙasar da aka kwashe ƙarƙashinta. Kogi da kansa yana tara yashi a cikin kwana, inda ruwa ke tafiya a hankali. A keɓe musu can, a hana su nan. Makiyaya ma haka. Shanu dole su sha ruwa, kuma garke in yana gangarawa ta ko'ina kofato zai niƙe duk abin da aka dasa. A bar mashaya sanannu a inda burtali ya iso kogi, a shimfiɗa musu dutse, a zauna da arɗo tun kafin a dasa, ba sai an yi ɓarna a kira shi ba.

Na ce zan dawo kan kankare. Akwai wuraren da maganar ciyawa kaɗai ta zama wasa da rayuka. A inda Kubanni ya ratsa cikin gari, ta Tudun Jukun da tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, akwai gidajen da bangonsu ke leƙen ruwa, gaɓa a tsaye kamar rijiya, ga bola an cika rafin da ita. Nan babu filin da za a kwantar da gaɓa, babu kuma shekara biyu ta jira. Gindin gada ma haka. A irin waɗannan wurare sai an sa dutse, ko kwandunan waya da ake cika wa duwatsu, waɗanda suka fi bango domin ruwa na ratsa su kuma suna lanƙwasa ba su karye ba. Ko a nan ɗin, a dasa jema a sama da bayansu, don ranar da waya ta yi tsatsa a sami mai karɓar aiki. Amma in ka auna tsawon rafukanmu gaba ɗaya, irin waɗannan wurare kaɗan ne. Sauran duk gonaki ne da lambuna da bayan gari, inda kuɗin bango mita ɗari zai dasa gaɓa mai nisan gaske.

Kuma kuɗin ba wai babu ba ne. Shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa ya fara da dala miliyan 500 daga Bankin Duniya a 2012. A ƙarshen 2021 bankin ya amince da wani shirin, ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, dala miliyan 700, na jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Ilimin ma a ƙofar gida yake. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tushenta tun 1922, ga tashar binciken gandun daji, ga cibiyar yaɗa ilimin noma da ta saba magana da manoma da Hausa. Abin da zan roƙa ƙarami ne. A kafa wuraren renon jema da malmo da giyayya a ƙauyukan bakin kogi, a hannun mata da matasan wurin, domin yanzu in dagaci ya ce kowa ya dasa, irin ma ba zai isa ba. Sannan duk wanda za a biya kan dashe, kada a biya shi ranar hoto. A biya shi bayan damina biyu, a kan abin da aka ƙirga yana raye.

Kawu dai bai jira kowa ba. A Nuwambar shekarar da abin ya faru ya sa yara suka kwantar da gaɓar da ta rufta da shebur, ya karɓo gindin jema wajen maƙwabcinsa a bakin buhun albasa in an cire, ya jera layi uku. Daminar da ta wuce ruwa ya sake hawa ya rufe su ruf. Gefe guda ya tafi, inda irin ya ƙare aka dasa a makare da tazara mai faɗi. Sauran sun tsaya. Da na je bayan ruwa ya janye, laka ta taru a bayan layin farko har tana shanye idon sawu, baƙa, mai laushi, irin wadda mai lambu ba ya iya ɗauke ido daga kanta. Na ga yana murza ta a tsakanin yatsunsa yana auna faɗin wurin da ido.

Na ce, "Kawu, kar dai."

Ya yi dariya ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Fangali ɗaya ne kawai, ɗan nan. Na albasa."